Tambaya da Amsa: Jayayyar Haƙar Mai a Gandun Dajin Alaska

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban wayit ne, wato tankar ruwa, a nan Makka, na daɗe ina kai ruwa gidaje da masaukan alhazai. Babban ɗana yana karatun injiniyan man fetur a Dahran, kuma da ya zo hutu muka tafka muhawara a kan sufura bayan sallar isha'i, har mahaifiyarsa ta ce mu ji tausayin shinkafar da ke hucewa. Ya ce a can ƙurewar arewacin Amurka akwai wani daji da ake zaton yana kwance a kan ɗanyen mai, an fi shekara 40 ana jayayya a haƙa ko kada a haƙa saboda namun daji. Na ce masa wannan gardamar ƙoshi ce, domin Allah ya hore wa ɗan Adam dabba, bai hore wa dabba ɗan Adam ba. Abin mamaki, shi da mai zai zama hanyar cin abincinsa, shi ne ya ce ba a nan gizo ke saƙa ba. Ina roƙon ka raba mu, ka kuma gaya mini ko man can zai karya farashin wanda ƙasar nan ke sayarwa idan an haƙo shi.

Daga mai karatu, Shari'ul Mansur, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, ya ba shi sa'ar karatu. Gara in faɗa maka tun yanzu cewa ya fi ka kusa da gaskiya, ko da yake akwai mutanen wancan wuri da za su karɓi maganarka hannu bibbiyu.

Dajin yana kusurwar arewa maso gabashin jihar Alaska, ta gabas ya jingina da iyakar Kanada, ta arewa kuma ya tuƙe da tekun ƙanƙara. Gwamnatin shugaba Eisenhower ce ta fara keɓe shi a 1960, sannan a watan Disamba na 1980 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta ninka faɗinsa har ya kai kimanin murabba'in kilomita 78,000, wato ya ɗan ɗara jihar Neja ta Nijeriya, kuma har yau babu hanyar mota da ta shiga cikinsa. Sai dai ba duka dajin ake taƙaddama a kansa ba. Tsakanin duwatsun Brooks da bakin teku akwai wani shimfiɗaɗɗen fili marar itatuwa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 6,300, kusan sulusin jihar Kano. 'Yan majalisar 1980 sun kasa daidaitawa a kan wannan fili, don haka suka rubuta a sashe na 1002 na dokar cewa a binciki abin da ke samansa da abin da ke ƙarƙashinsa, suka kuma hana haƙa sai ranar da majalisa ta sake zama ta ba da izini. Daga wannan lamba filin ya sami sunan da ake kiransa da shi, "yankin 1002", su kuwa suka tashi suka bar baya da ƙura.

Abin da ya sa ake zura wa filin ido shi ne maƙwabcinsa. A 1968 aka gano mai a Prudhoe, kimanin kilomita 100 yamma da gandun, kuma shi ne filin mai mafi girma da aka taɓa ganowa a Amurka. Shari'u suka riƙe aikin bututun da zai kai shi teku har zuwa watan Oktoba na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa, Sarki Faisal yana kan gaba, suka toshe wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin waccan shekara. Wata ɗaya bayan haka majalisar Amurka ta share wa bututun hanya. Ka ga ashe ƙasar da muke zaune a cikinta tana da hannu a labarin tun tushensa. An gama bututun a 1977, tsawonsa kusan kilomita 1,300 zuwa tashar Valdez, a 1988 yana ɗaukar ganga miliyan 2 a kullum, yau kuwa bai cika ɗaukar rubu'in haka ba. Kai da kake tuƙa wayit ka fi kowa sanin zafin tafiya da rubu'in tanki, domin kuɗin dizal da na taya ba sa raguwa don ruwan ya ragu. Jihar Alaska ba ta karɓar harajin albashi, kuma tun 1982 take raba wa kowane mazauninta kuɗi shekara-shekara daga asusun da mai ya gina. Shi ya sa kusan duk ɗan siyasar da ya fito daga can, ko daga wace jam'iyya, yana neman sabon man da zai cika wannan bututu.

Yanzu bari mu zo kan dabbar. Sunanta karibu, dangin barewa ce mai ƙahoni masu rassa kamar busasshen itace, kuma garken da ake magana a kansa an ƙidaya shi a 2017 aka sami kimanin 218,000. Suna cin hunturu a kudu, wasu cikin Kanada wasu cikin Alaska, idan ƙanƙara ta fara sakin ƙasa sai matan masu ciki su shige gaba, su haye duwatsu, su ratsa koguna, su sauka wannan fili na bakin teku su haihu a farkon watan Yuni, mafi yawansu cikin 'yan kwanaki kaɗan. Ba don sha'awa suke wannan doguwar tafiya ba. A filin ne sabon tsiro mai ƙara nono yake fitowa daidai lokacin haihuwa, kyarketai da gaggafa sun fi yawa a gindin duwatsu, kuma idan sauro ya taso, wanda a can yakan taso kamar hayaƙi, iskar teku ce kaɗai mafakar uwa da ɗanta. Duk wanda ya tashi kusa da Fulani makiyaya ya san cewa dajin Allah yana da faɗi, amma mashaya da burtali ba su da madadi, kuma wanda ya toshe su ya kashe garke ko da bai ɗaga wuƙa ba. Wannan fili haka yake ga karibu. Kazalika a nan farin dubbu na ƙanƙara yake haƙa rami ya haihu cikin hunturu, musamman yanzu da ƙanƙarar teku take raguwa.

Masu goyon bayan haƙa suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa wani garken karibu da ke zaune a yankin Prudhoe ya ƙaru ninkin ba ninkin bayan an kafa rijiyoyi, cewa ana aikin ne cikin hunturu a kan hanyoyin ƙanƙara da ke narkewa su ɓace, kuma dokar 2017 da ta ba da izinin haƙar ta iyakance gine-gine a kan eka 2,000 kacal, wato kimanin murabba'in kilomita 8. Masu adawa kuma suna nuna cewa matan karibu masu jego suna ƙauracewa hanyoyi da bututu da nisan kilomitoci, cewa a Prudhoe filin yana da faɗin da za su koma gefe alhali a cikin gandun duwatsu sun matso kusa da teku, kuma eka 2,000 ɗin nan ba a dunƙule take wuri ɗaya ba, warwatse za ta kasance kamar saƙar gizo-gizo. Sun kuma nuna sawun manyan motocin da suka yi binciken ƙasa a 1984 da 1985, wanda aka ci gaba da gani daga sama shekaru masu yawa bayan haka, domin ƙasar can daskararriya ce, raunin da aka yi mata ba ya saurin warkewa.

Inda maganarka ta kuskure, Alhaji, shi ne ɗaukar abin a matsayin rigima tsakanin mutum da dabba. Rigima ce tsakanin mutane da mutane, kuma dukansu 'yan asalin wurin ne tun kafin Bature ya san hanyarsa. A kudancin duwatsun akwai ƙabilar Gwicin, masu ƙauyuka kusan 15 a Alaska da Kanada, waɗanda naman karibu ne cimarsu, fatarsa ce takalminsu, kuma a inda jirgin sama ne ke kawo kayan kanti, wanda ya rasa nama ya shiga uku. A harshensu suna kiran filin da sunan da ke nufin wuri mai alfarma inda rai ke farawa, sun kuma ce ko a shekarun yunwa kakanninsu ba su shiga can farauta ba. A 1988 dattawansu suka tara al'ummar a ƙauyen Arctic Village, suka yanke shawarar yin magana da murya ɗaya kan hana haƙar, kuma har yau ba su sauya ba.

A bakin tekun kuma akwai Kaktobik, ƙauye ɗaya tilo da ke cikin gandun, mutanensa ba su kai 300 ba, 'yan ƙabilar Inupiyat ne. Su sun fi dogara ga teku, ga irin ƙaton kifin nan da ya haɗiye Annabi Yunusa, kuma shugabanninsu sun daɗe suna neman a haƙa. Hujjarsu ita ce harajin kamfanonin mai ne ya kawo wa yankinsu makarantu da ɗakunan shan magani da ruwan famfo, bayan an daɗe ana kwashe bayan gida da bokiti cikin sanyin da ke daskarar da yawu. Suna da filin kansu da wata doka ta 1971 ta mallaka musu, amma da yake yana cikin gandun, ba su da ikon taɓa abin da ke ƙarƙashinsa sai Washinton ta yarda. Ba su kuma manta ba cewa sau uku sojoji suka tashi ƙauyen daga mazauninsa tsakanin 1947 da 1964 don aikin filin jirgi da na'urar hango jirage. Idan mutumin Kaktobik ya ce ya gaji da baƙi daga birane masu nisa suna tsara masa yadda zai rayu, ba ni da bakin musa masa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ni da kai da muke cin albarkacin rijiyar mai ta 7 ta Dammam tun 1938 ba mu ne za mu yi wa kowa wa'azin ƙin mai ba.

To, nawa ne man? A 1998 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa abin da za a iya fitarwa daga ɓangaren gwamnatin tarayya yana tsakanin ganga biliyan 4.3 da biliyan 11.8, matsakaicinsa biliyan 7.7. Adadin yana da daɗin ji, amma Amurka tana shan kusan ganga miliyan 20 a kullum, don haka matsakaicin nan abincin shekara ɗaya ne da 'yan makonni, kuma ka auna shi da fiye da ganga biliyan 260 da Saudiyya take da su. Sannan ƙiyasi ne kawai. Rijiya ɗaya tak aka taɓa haƙawa a filin, wadda kamfanonin Chevron da BP suka haƙa a ƙasar mutanen Kaktobik a 1985 zuwa 1986, suka toshe ta, suka kulle sakamakon, har aka je kotu don kada ya fita.

Siyasar kuwa ta zama wasan tsalle. A watan Maris na 1989 wani kwamitin majalisar dattawa ya amince a buɗe filin, kwanaki kaɗan bayan haka jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya yi karo da dutse ya malalar da kimanin ganga 260,000 a tekun kudancin Alaska, maganar ta mutu. A 1995 majalisa ta amince, shugaba Clinton ya ƙi sa hannu. A 2005 aka sake gwadawa aka faɗi. Sai a watan Disamba na 2017, zamanin Trump, aka cusa izinin cikin dokar haraji, da alƙawarin cewa gwanjon hayar filayen zai kawo wa baitulmalin tarayya kusan dala biliyan 1. Ranar 6 ga Janairu 2021 aka buɗe tayin, aka tarar da dala miliyan 14.4 kacal, babu ko ɗaya daga manyan kamfanoni, kuma mafi yawan filayen wata hukumar gwamnatin jihar Alaska ce ta saye. Biden ya dakatar da aikin ranar da ya hau mulki, ya soke hayar a 2023. Gwanjo na biyu a Janairun 2025 bai sami ko mai taya ɗaya ba. Trump ya dawo ya sake buɗewa, kotu ta ce sokewar ba ta bi ƙa'ida ba, majalisa kuma ta wajabta ƙarin gwanjo huɗu. Ɗan kasuwa ba ya son cinikin biri a sama, balle aikin da sai ya zuba kuɗi kusan shekara 10 kafin ya ga ganga ta farko, alhali kowane zaɓe yana iya juya dokar, kuma manyan bankunan Amurka sun taɓa shelanta cewa ba za su ba da rance don shi ba.

Game da farashi, kwantar da hankalinka. Duniya tana shan kimanin ganga miliyan 100 a kullum. Hukumar ƙididdigar makamashi ta Amurka da kanta ta lissafa a 2008 cewa a matsakaicin zato man gandun zai rage farashin ganga da abin da bai kai dala 1 ba, ta kuma ƙara da cewa ƙungiyar OPEC tana iya shafe wannan ragi idan ta ɗan rage abin da take fitarwa.

Tun da ka ce in raba ku, ga inda na tsaya. Ina duba wanda zai ɗauki asara idan lissafi ya ɓaci. In an bar man a ƙasa aka gano daga baya cewa an yi kuskure, yana nan inda yake, ba ya ruɓewa, jikokin mutanen Kaktobik za su same shi, kuma haƙƙinsu na yau abu ne da gwamnati mai arzikin Amurka take iya biya ta wata hanya. In kuwa an haƙa garken ya watse, babu kuɗin da zai kira shi ya dawo, kuma Gwicin ne za su biya bashin da ba su ci ba. Saboda haka ina bayan ɗanka a wannan fili kaɗai, ba a kowace rijiya ba.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Madina. Ɗalibaina sun ga hotunan wannan daji a talabijin, ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni ko keɓe daji don dabbobi al'adar Turawa ce kawai, wata kuma ta ce mene ne ruwanmu da ƙasar da ko sunanta ba mu iya faɗa ba. Me zan ce musu?

Daga mai karatu, Madina.

AMSA: Malama, amsar tambaya ta farko tana ƙarƙashin ƙafafunku. Madina kanta harami ce, an hana sare itatuwanta da farautar namunta, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe kwarin Naƙi'i da ke kudu da garin don dawakin Musulmi. Irin wannan keɓaɓɓen makiyaya ita ake kira hima. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma umarnin da ya ba mai gadin hima, wanda ya zo a Muwaɗɗa da Buhari, ya cancanci ki karanta musu shi a aji. Ya ce masa ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya yi hattara da garken Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu sun hallaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka zai zo masa ne da 'ya'yansa yana kuka. Ki lura cewa hima ba korar mutane ba ce, tsara wanda zai amfana ne, da fifita wanda ba shi da wata madafa. Da wannan ma'auni na auna maganar Gwicin a amsar da ta gabata.

Karon mai da gandun daji kuwa ba sai an je Alaska ba. A nan maƙwabta, Oman ta rage kashi 90 cikin 100 na gandun da ta keɓe wa maha, farar dabbar hamadar nan mai miƙaƙƙun ƙahoni, don a sami damar neman mai, kuma a 2007 hukumar UNESCO ta cire gandun daga jerin wuraren gadon duniya, karo na farko da aka taɓa yi wa wani wuri haka. Maha da suka kai 450 a can a 1996 sun koma 65, ko da yake ɓarayin farauta suna da babban kaso a wannan laifi. A gida kuma, Nijar ta kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012, sannan a 2019 ta sake shata iyakarsa don fitar da ɓangaren da ya haɗu da filayen man kamfanin CNPC na Sin. A nan ne ragowar adaks, farar barewar Sahara mai murɗaɗɗun ƙahoni, suke, kuma wani bincike da aka yi a 2016 guda 3 kacal ya iya gani.

Ita kuwa mai tambayar mene ne ruwanmu, ki fitar da ita bayan gari. Akwai wani ɗan tsuntsu da littattafan Larabci ke kira ablaƙ, bai fi gwara girma ba, nauyinsa kimanin giram 25, yakan tsaya a kan dutse yana gyaɗa jela, idan ya tashi sai ka ga farin gindinsa ya walƙa. Na sha tsayawa ina kallon irinsa a gefen hanyar Jidda zuwa Madina yayin da abokan tafiya suke shan shayi, ban san daga inda yake ba. A 2012 masana suka wallafa sakamakon wasu 'yan na'urori da suka ɗaura wa irin wannan tsuntsu a Alaska, aka ga yana ratsa arewacin Rasha da Kazakistan, ya ƙetare hamadar Larabawa, ya je ya ci hunturu a wajejen Sudan da Yuganda da Kenya, tafiyar kusan kilomita 14,500 a zuwa kaɗai, wadda take ɗaukarsa kimanin wata uku. Daga cikin wuraren da yake sheƙa akwai duwatsun wannan gandu da ake jayayya a kan filin gabansu. Mafi yawan ablaƙ da ke ratsa nan daga Turai da Asiya suke tasowa, amma na Alaska suna cikin ayarin. Lokacin ganinsu shi ne Satumba da Oktoba idan sun nufi Afirka, sai kuma Maris da Afrilu a hanyar komawa, kuma sun fi fitowa da sassafe a fili mai tsakuwa inda ciyawa ba ta da tsawo.